Tsohon ƙaramin kan jirgin ƙasa mai tururi: in bar shi yadda na same shi ko in gyara ya hau dogo?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen manya don gaskiya abin ya fi ƙarfin sanina. Wani tsohon ƙaramin kan jirgi ne mai tururi ya shigo hannuna, irin wanda ake zama a bayansa a tuƙa, faɗin dogonsa inci 5, ƙafa shida masu ja, tankin ruwa gefe da gefe. Ba aikin kamfani ba ne, da gani wani ne ya zauna ya ƙera abinsa da hannu, akwai ɗan faranti a ɗakin direba an buga 1956 a jiki amma ba suna ba komai, takarda kuwa ko ɗaya bai zo da ita ba, ba zane ba satifiket ɗin tukunya. Wanda na karɓa a hannunsa shi ma gado ya ci, iyakar abin da ya sani an daɗe ƙwarai ba a hura masa wuta ba.

Ga halin da yake ciki. Ƙafafun suna juyawa in an tura amma da ɗan tauri, sandunan gefe kuma suna ƙwaƙwas-ƙwaƙwas alamar bushin ya ci. Tukunyar ta jan ƙarfe ce, daga ƙofar murhu ina hango wasu kusoshi da wani abu mai launin toka a zagaye da kawunansu. Fentin kore ne mai duhu da siraran layuka da aka ja da buroshi, a jikin tankunan yana nan da kyansa sai ɗan tsagewa, amma a saman tukunya duk ya ɓaɓɓake. Ta inda rigar tukunyar ta ɗan buɗe ina ganin wani farin abu kamar auduga. Famfon ruwa biyu ne, na hannu a cikin tanki da wanda ƙafa ke juyawa, burki kuwa babu shi sam. Wasu daga cikin ƙananan bawul ɗin launinsu ya koma ja-ja.

To ni dai burina in ga yana tafiya, in kai shi kulob ɗin masu irin waɗannan ƙananan jiragen in ja yara da shi, ba wai in ajiye a kan kanta ana kallo ba. Amma kuma duk sanda na duba aikin da mutumin nan ya yi sai in ji nauyin taɓawa. Wani abokina cewa ya yi in kwance komai, a kankare fenti har ƙarfe, a sa sabuwar tukunya, a canza duk notikan zuwa na mita, kai har cewa ya yi in na ga wahala in cusa masa mota da batir a ciki in huta, wannan kam ban ma amsa masa ba.

Tambayata, a ina ake tsayawa? Me ya zama dole a canza, me kuma in an canza an ci amanar wanda ya ƙera? Kuma da me zan fara? Na gode, Allah Ya saka.

Baba_MaiTukunya:

Wa alaikumus salam. Yaro kafin a kai ga maganar orijina, farin abin nan da ka ce kamar auduga, ka ɗauke hannunka daga kai tukuna. Jirgin da aka ƙera a shekarun nan abin da aka fi naɗe tukunya da shi asbesto ne, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekaru ashirin talatin ko fiye take bayyana. Kada ka hura, kada ka goge da buroshi, kada ka sa injin zuƙe ƙura na gida. Ka liƙe wurin da ya buɗe da salatif ka nemi waɗanda suka san aikin cire shi, a jiƙe ake cirewa a ƙulle a leda biyu. Tsofaffin gasket da zaren da aka cusa a wuyan bawul su ma ka ɗauka shi ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Wannan babu wani tarihi a cikinsa da za a adana, a ɗauki hoto a fitar da shi.

Sai tukunya. Ni na daɗe ina gwada tukwanen mutane a kulob ɗinmu, kuma abin da nake gaya wa kowa shi ne ƙanƙantar jirgi ba ta rage zafin ruwan da ke cikinsa. A firesha 80 psi ruwan ya haura digiri 160 na Salshiyos, yana zaune a matsayin ruwa ne kawai don an matse shi, da zarar wani wuri ya yage sai wani kaso nasa ya juye tururi nan take, tururi kuma yana neman wuri sama da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga ciki, kai kuma kana zaune ƙofar murhu na tsakanin gwiwoyinka yara na bayanka. Don haka ba ni ba kai ba abokinka ne zai yanke hukuncin tukunyar nan ba, gwaji ne zai yanke.

Kada ka kuskura ka hura mata wuta "don a gani". Da ruwan sanyi ake farawa. A cire ta daga kan firam, a tuɓe ta tsirara, a toshe duk ƙofofi, a cika ta maƙil har babu iska ko kaɗan sannan a matsa da famfon hannu. Dalili shi ne ruwa ba ya matsuwa, in wani wuri ya saki sai dai ka ga ɗigo firesha ta faɗi, babu fashewa. Sabuwar tukunya ninki biyu na fireshar aikinta ake kai ta, wadda aka san tarihinta ninki ɗaya da rabi, taka da ba ta da takarda sufeton da zai duba shi zai faɗi wanda zai bi, kuma shi zai sa mata fireshar aiki bayan ya auna kaurin faranti da tazarar sandunan da ke riƙe bangon murhu. In ta haye wannan sai gwajin wuta, a buɗe mai hura wuta gaba ɗaya a ga bawul ɗin tsaro ya hana allurar geji wuce kashi 10 cikin 100 sama da jan layin fireshar aiki. Geji ɗin ma sai an gwada shi da wani amintacce, tsohon geji maƙaryaci ne sau da yawa.

Abin toka-tokan da ka hango a kan kusoshi shi ya fi damuna. Mutanen wancan zamanin sukan ɗaure tukunya da rifit da sanduna masu tiredi sannan su toshe 'yan kafofin da liƙin dalma, ƙarfin yana wajen rifit, dalmar toshiya ce kawai. Irin wannan tana aiki, na ga da yawa da suka yi shekaru suna yi, sai dai liƙin dalma na gama-gari wajen digiri 180 da ɗoriya yake narkewa, ka ga tazararsa da zafin ruwan ba yawa, ruwa ya yi ƙasa sau ɗaya rufin murhu ya bushe shikenan ta fara kuka. Babbar matsalar kuma ba a gyara ta da liƙin azurfa, shi yana son zafi sama da digiri 600, a wannan zafin dalmar da ke jiki shiga cikin jan ƙarfen take ta cinye shi. Duk wanda ya ce maka kawo in ɗan taɓa maka da wuta, ɗauke kayanka ka yi gaba.

Bawul ɗin da suka koma ja-ja tagulla ce mai tutiya, ruwan zafi ya tsotse tutiyar ya bar ƙarfen kamar soso, a ido lafiya, ka sa sifana ya gutsure. Duk wanda ke ƙasa da layin ruwa a sake shi da tagulla mai kuza. Za a iya yin sa sak da tsohon, ba mai ganewa.

In tukunyar ta faɗi gwaji ba ƙarshen duniya ba ne. A yi sabuwa bisa awon tsohuwar, bututun hayaƙi da tulluwar sama da ƙofar murhu duk su koma mazauninsu, tsohuwar a huda ta yadda ba wanda zai sake hura mata wuta, a ajiye tare da jirgin.

Uwar_Adana:

Baba ya gama magana kan tukunya, ba ni da abin ƙarawa, sai dai hudawar nan Baba a yi haƙuri, a rubuta a jikinta a ɗaura mata alama ya wadatar, huji ba ya komawa.

Ƙanena ni fentin nan nake so in roƙa maka arziki a kansa. Duk abin da ke jikin jirgin nan ana iya sake irinsa, bushin, fistan, har tukunya, amma layukan da mutumin nan ya ja da buroshi a 1956 in ka kankare sun tafi kenan har abada, kuma su ne wurin da hannunsa ya fi fitowa. Mutane suna da wata cuta, da sun samu tsohon abu sai sun mai da shi ya fi ranar da aka gama shi ƙyalli, a fesa fentin mota mai sheƙi a manna layukan sitika, ka je taro ka ga jirage goma duk kamar daga gida ɗaya suka fito. Ka fara da wanki kawai. Auduga da ɗan ruwan sabulu mai laushi, ka gwada a lungun da ba a gani tukuna, inda maiƙo ya daskare ka sa kananzir kaɗan, kada tina ta kusanci wurin. Sau tari abin da ake zato fenti ne ya mutu tsohon mai ne da toka suka hau kai, kana gogewa koren zai fito. Inda ya ɓantare ka cike gurbin kaɗai da ƙaramin buroshi, ka bi da kakin goge kaya siriri. Kuma kada ka sa samfefa a bushe, tsohon fenti yakan zo da dalma a ciki.

Rigar tukunya da ka ce ta ƙone, tunda dole a cire ta saboda abin da Baba ya faɗa, sai ka yanka sabon faranti ka yi masa fenti daidai da launin tankunan yadda suke a yau, ba yadda kake zaton suke da ba, in ba haka ba sabon zai riƙa tsone ido kusa da tsohon. Tsohuwar rigar in an tsabtace ta a ajiye.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya ɗauki hoto ta kowane ɓangare, ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ka cire da ranar da dalili, kowane abu da ledarsa da sunansa. Sabon da ka ƙera kuma ka buga masa 'yar alama da shekara a cikin da ba a gani, don wanda zai gaje ka kada ya zauna yana rantsuwa aikin 1956 ne. Yanzu kai ba ga shi kana cizon yatsa ba takarda ba? To kada ka yi wa na gaba haka.

Akwai kuma tambayar da ban ga ka yi wa kanka ba, shin lallai ne wannan ɗin ya yi aiki? Duk jirgin da ke tafiya cin kansa yake, yau bushin gobe ƙafa jibi silinda. Kan jirgin Rocket na su Stephenson da aka ƙera a 1829 yana nan a gidan tarihi a Ingila ba mai hura masa wuta, da aka so ganin irinsa na tafiya kwafi aka ƙera a 1979. Abin sha'awa ma, na asalin ba a siffarsa ta 1829 yake ba, silindojinsa da suke a karkace sosai an sauke su kusan kwance tun yana aiki, kuma ba wanda ya ce a mai da su, an bar shi da tarihinsa. Ban ce naka Rocket ba ne. Amma ka ɗan yi bincike, ka nuna hotunan ga tsofaffin kulob, ka duba ƙarƙashin firam da bayan tukunya ko an buga lamba ko haruffa. In ya tabbata ɗaya ne daga cikin ɗaruruwan da aka ƙera bisa zanen da mujallu ke bugawa a lokacin, Bismillah ka tuƙa abinka. In kuwa zanen kansa ne ba shi da na biyu, ni dai zan rage masa wahala, fita jefi-jefi ba jan yara kowane mako ba.

Direban_Lahadi:

Hajiya Allah Ya ƙara girma amma nikam inada ja. Mutumin nan daya ɓata shekaru yana goga ƙarfe da magagari baiyi don a saka abinsa a gilashi ba wlh, ya saka famfo ya saka murhu ya saka wurin zuba mai, wanda yake son kayan ado baya wahalar da kansa da famfon ƙafa, kuma inda yana raye yaga robar zobe ta zamani da ake sakawa a fistan don tare tururi da tuni ya cire zaren daya naɗa ya jefar, mu ne muke tsarkake abinda su a wajensu maneji ne kawai don shi suka samu a lokacin.

Kuma wai orijina orijina, wanne daga ciki? Je ka duba kan jirgin River Irt a layin Ravenglass da Eskdale na Ingila mai faɗin inci 15, Sir Arthur Heywood ne ya ƙera shi a 1894 da suna Muriel mai tankin gefe, a 1927 aka sake masa gini aka ƙara ƙafa aka bashi taragon gawayi da ruwa aka canza suna, yau shekara sama da 130 yana jan fasinja, inda an tsaya cewa kar a taɓa da yanzu ko yana lungu ko an sayar a kilo. Ɗan'uwansa River Esk na 1923 da tsarin bawul na Lentz yazo, bai yi musu ba suka cire suka saka Walschaerts a 1928 ba wanda yayi kuka. Kai har Flying Scotsman da duniya ke ji dashi, na 1923 ne amma an canza masa tukunya ba sau ɗaya ba, daya dawo aiki a 2016 da lamba 60103 ya dawo da bututun hayaƙi mai baki biyu da farantan korar hayaƙi wanda duk daga baya aka saka masa, masu son tsohon kamanni sunyi ta surutu jirgi kuma yana ta tafiyarsa.

Abokina ga abinda zanyi inda nine. Fenti na yarda da Hajiya barshi, tsohon fenti yafi kyau a ido ma. Amma ciki ka sabunta ba kunya. Injekta ka saka, wato na'urar dake tura ruwa cikin tukunya da ƙarfin tururi, don famfon ƙafa sai jirgi na tafiya yake bada ruwa, kana tsaye a tasha yara na hawa wuta na ci ruwa na sauka a gilashin dake nuna yawan ruwan tukunya kai kuma kana ta fama da ɗan famfon hannu kamar me, ba daɗi kuma ba tsaro. Dabara itace karka jawo ruwan injekta daga tankin gefe don suna ɗumama saboda kusancin tukunya, injekta kuma baya kama ruwan ɗumi sai yayi ta tofarwa, ka saka tanki a kujerar da kake zama ka jawo da tiyo. Burki ma a kujerar zaka saka, dama nauyinka yana kanta can burki yafi kamawa, kaga ka samu ruwa ka samu burki baka huda jirgin ko sau ɗaya ba sai wurin bawul guda. Ragar murhu ka sake ta da ƙarfen da baya tsatsa, ƙwallayen cikin bawul suma haka, ka saka raga a bututun hayaƙi saboda tartsatsi in zaka ja yara don gawayi mai zafi a wuyan ɗan mutane ba wasa bane. Notika kuma gsky ni duk wanda ya lalace na mita nake sakawa, ko ina akwai su, wa zai tsaya neman BA, tsohon tiredin Ingila, a wannan zamanin.

Batir kuma ka gayawa abokinka ya sayi nasa.

Mai_Fiƙa:

Direba duk na bi ka har ka zo kan noti, nan muka rabu. Wallahi babu abin da ke ba mu wahala a gaban inji kamar jirgin da aka cakuɗa wa tiredi. Ba ma don tarihi ba, don wanda zai kama sifana gobe. Jirgin 1956 in ta hannun masu bin zanen Ingila ya fito, ƙananan kusoshinsa BA ne, na bawul da fayif kuma ME, wato tiredin masu ƙera ƙananan injuna, mai haƙori 32 ko 40 a inci. Kusurwar haƙorin BA digiri 47 da rabi ce, ta ME 55, ta mita 60. Matsalar suna kama da juna har su yaudare ka, 2BA kaurinsa milimita 4.7 ne tazarar haƙori 0.81, M5 kuma 5 da 0.8, sai ka ga ya fara shiga kamar gaske, ka ƙara ƙarfi, ka kashe ramin. A firam da sauƙi, a bakin tukunya fa? Masu sayar da kayan wannan sana'a har yau suna da tap da dayis na BA da ME, saiti ɗaya ya ishe ka har ka tsufa. Ka bar shi da yare ɗaya. Kujerar zama tunda sabuwa ce yi ta da mita in ka ga dama.

Ɗan'uwa mai tambaya, bushin sandunan gefe kayan ci ne, an yi su ne don su cinye a sake, canza su ba ya cikin abin da za a yi muhawara. Amma kafin ka yi sabbi auna fil ɗin ƙafar da sandar gefe ke maƙale a kai, in ya zama ƙwai ba da'ira ba sabon bushin ba zai zauna ba. Taurin da kake ji kuma kada ka yi saurin cewa tsatsa ce, ka lura ko a wuri ɗaya yake kamawa duk zagaye, in haka ne wataƙila wata ƙafa ta ɗan juya a kan shaf ɗinta, don fil na dama da na hagu digiri 90 ne tsakaninsu kuma dole duka shaf uku su yi daidai da juna, in ɗaya ya kauce sai sanduna su riƙa cijewa. Mutane sai su faɗaɗa bushin don ya saki, ciwon na nan an rufe shi ne kawai.

Maganar robar zobe, ka fara duba silindar. In ta baƙin ƙarfen zubi ce kuma ta yi shekaru a ajiye da wuya ka same ta ba ramukan tsatsa, roba kuwa santsi take so, rami ɗaya ya isa ya yanka ta. In ta tagulla ce ta fi sauƙi. Ko ma wacce ce kada ka yanka tsohon fistan don ya karɓi roba, fiƙe sabo, aikin yamma ɗaya ne, tsohon ya shiga ledar Hajiya. Ni ma dai zaren girafayit na zamani wanda ba asbesto nake mayarwa a irin waɗannan, yana yafe wa tsohuwar silinda abin da roba ba za ta yafe ba.

Abu na ƙarshe da ba wanda ya taɓo, ƙafafun. Auna tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa da zurfin leɓen ka kwatanta da ma'aunin kulob ɗin da za ka je, mutanen wancan zamanin kowa da nasa awon, a miƙaƙƙen dogo lafiya lau, yana zuwa mararraba ya hau ya sauka ƙasa. Ka kuma tabbatar inci 5 ɗin ne cif, don a Amurka akwai masu 4 da uku bisa huɗu. In tafin ƙafar ya ci ya yi kwari ana iya fiƙe shi a zura masa zoben ƙarfe da zafi, ƙafar asali na nan siffarta na nan.

Sabon_Shiga:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Baba na liƙe wurin kamar yadda ka ce kuma na fitar da shi daga ɗaki, na yi magana da sufeton kulob ya ce kada in kawo sai an cire farin abin tukunyar na tsirara. Hajiya, na gwada wankin a bayan tanki, ashe har da siririn jan layi a gefen baƙin wanda datti ya rufe, fenti kam ya tsira. Oga Mai_Fiƙa gaskiyarka, a wuri ɗaya yake kamawa duk juyi, silindar kuma maganaɗisu ya kama ta, wato ta baƙin ƙarfe ce.

Saura abu ɗaya Baba. Gilashin ruwan nasa siriri ne sosai kuma ba shi da ɗan bawul na ƙasa da ake buɗewa a wanke shi, amma aikinsa gwanin kyau, har da 'yan ƙawanya da aka yi masa. Shi ma dole ya tafi? Kuma in an ci sa'a tukunyar ta haye gwaji da dalmarta, zan iya jan yara da ita ko in haƙura?

Baba_MaiTukunya:

Gilashin da ba a iya busa shi ba a yarda da shi, datti ko kumfar iska ya tsaya a hanyar ƙasa sai ya nuna maka rabi alhali rufin murhu a bushe yake, siririn gilashi kuma yana jan ruwa sama ya ƙara maka abin da babu. In mazaunin gilashin na ƙasa ma cikin masu ja-jan nan yake dama zai tafi. Ka ba Mai_Fiƙa ko wani mai hannu ya yi maka irinsa da ƙawanyoyinsa amma da bawul ɗin busawa da hanya mai ɗan faɗi, na saman in sufeto ya ga lafiyarsa ya zauna. Ku kuma auna ku tabbatar in ruwa ya kai ƙasan gilashi har yanzu akwai ruwa a kan rufin murhu, wasu tsofaffin an kafa su ƙasa da yadda ya kamata.

Jan yara kuwa, in ta samu satifiket doka ba ta hana ka ba matuƙar kulob da inshorarsu sun amince. Amma ra'ayina tunda ka tambaya, sabon direba da tukunya mai dalma da hayaniyar yara a baya abu uku ne da ba na son haɗuwarsu. Ka yi kaka guda kana zagaye kai kaɗai ko da babba ɗaya a baya har idonka ya saba komawa kan gilashi ba sai ka tuna ba, a lokacin kuma an ga halin tukunyar, sai a sake zama. Hajiya, na janye maganar huji, alamar ta isa in dai a jikin ƙarfen aka buga ta ba a takarda ba. In za ka je wajen sufeto ka tafi da matosai na duk ramukan, tiredin ME, don ba lallai ya zama yana da girman naka ba.